Tarihin Harsunan Umurni: Yadda Aka Ɗora wa Na'ura Aikin Akawu

Gabatarwa

Kowane ma'aikaci ya san irin aikin nan da ba shi da wuya amma yana cin rai, kamar kwafe sunaye daga wannan rajista zuwa waccan, ko tara alkaluman albashi a ƙarshen kowane wata. Manufar wannan lacca ita ce bin diddigin harsunan da aka ƙago domin ɗora wa kwamfuta irin wannan aiki, watau harsunan umurni. Da su ake rubuta jerin ayyuka a ajiye, duk sa'ad da bukata ta taso sai a ce wa na'ura ta bi jerin daga farko har ƙarshe.

Harsunan kwamfuta iri biyu ne. Akwai waɗanda sai an juya rubutun gaba ɗaya zuwa alamun da na'ura ke ganewa kafin a yi amfani da shi, kamar yadda ake fassara littafi a gama sa'an nan a buga. Akwai kuma waɗanda ake karanta wa na'ura layi bayan layi tana aikatawa nan take, kamar yadda tafinta ke yi a gaban alkali. Harsunan umurni daga kashi na biyu suka fito, shi ya sa suka fi sauƙin koyo da gyara.

Zamanin Kati

A 1804 Joseph Marie Jacquard na birnin Lyon a Faransa ya kammala injin saƙa wanda ke bin zanen da aka huda a jikin katuna, ta yadda in aka sauya kati sai zanen yadi ya sauya. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890 Herman Hollerith ya yi amfani da kati mai huji wajen tara alkaluma. Da kwamfutoci suka bayyana sai suka gaji wannan kati. Mai aiki yakan miƙa damin katunansa ga masu kula da na'ura, ya koma ya jira, wani lokaci har washegari, kuma kuskuren harafi ɗaya ya isa ya mayar da shi bayan layi. A wancan zamani ikon yi wa na'ura magana yana hannun ƙwararru 'yan kaɗan.

Ɓawo da Bututu

Wajen 1964 wani Bafaranshe, Louis Pouzin, da ke aiki a jami'ar MIT ta Amurka, ya lura cewa mutane suna buga umurni iri ɗaya kowace rana. Sai ya rubuta RUNCOM, wanda ya ba mutum damar tara umurninsa a takarda guda cikin na'ura, ya kira su da suna ɗaya. Shi ne kuma ya raɗa wa shirin da ke karɓar umurni sunan da ke nufin ɓawo a Ingilishi, domin shi ne ya lulluɓe cikin na'ura kamar yadda ɓawo ya lulluɓe gyaɗa.

A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina tsarin Unix a ɗakin binciken Bell. A 1973 aka ƙara masa dabarar da Douglas McIlroy ya daɗe yana nema, wadda ake kira bututu: abin da ƙaramin shiri ɗaya ya fitar ya zarce kai tsaye cikin na biyu. Alal misali, in ana zargin an maimaita sunaye a takardar biyan fansho, shiri na farko zai jera sunayen bisa abacada, na biyu ya tsamo waɗanda suka zo fiye da sau ɗaya, na uku ya ƙidaya su. Layi ɗaya ya wadatar, kuma za a iya sake kiransa kowane wata. A 1977 Aho da Weinberger da Kernighan suka ƙago AWK domin sarrafa bayanan da aka tsara layi-layi, a 1979 kuma ɓawon Stephen Bourne ya fito, mai iya cewa "in kaza ya faru yi kaza", da "maimaita har aiki ya ƙare".

Harsunan Kowa da Kowa

Larry Wall, wanda ya fitar da Perl a 1987, ɗalibin ilmin harsuna ne, kuma burinsa na farko shi ne ya sami harshen da ba a taɓa rubutawa ba ya tsara masa haruffa. A 1991 Guido van Rossum na ƙasar Holan ya fitar da Python, wanda aka gina bisa ra'ayin cewa dole rubutun ya karantu ga ɗan Adam. Da waɗannan ne malamai da masu lissafin kuɗi suka fara rubuta wa kansu umurni.

Amma akwai wani shinge da ya shafi Hausa. Tsarin haruffa na ASCII, wanda ya fito a 1963, gurbi 128 kawai gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Ashe ke nan na'ura ba ta iya bambanta "ƙafa" da "kafa". Tsarin Unicode na 1991 ya ba waɗannan haruffa gurabensu, a 1992 Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar ajiye su da ta game duniya, sa'an nan Python na uku, na 2008, ya mayar da Unicode tushen duk rubutunsa.

Kammalawa

Na'ura ba ta gajiya, amma kuma ba ta tambaya. Ran 1 ga Agusta 2012 kamfanin hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar fiye da dala miliyan 400 cikin kimanin minti 45. An sa sabon shiri a na'urori bakwai cikin takwas, aka manta da ɗaya, ita kuwa ta ci gaba da ciniki bisa tsohon umurni ba wanda ya iya tsayar da ita da wuri. Mantuwar ta ɗan Adam ce, saurin ɓarnar na na'ura ne.

Saboda haka wajibi ne a gwada kowane umurni a kan kwafe kafin a sake shi a kan ainihin rajista, a kuma sa wani ya duba, kamar yadda ba a fitar da takardar ofis sai na gaba ya sa hannu. Har ila yau, wanda ya fi cancanta ya rubuta umurnin shi ne wanda ya san aikin ciki da bai. Akawun da ya iya bayyana aikinsa dalla-dalla, mataki bayan mataki, ya riga ya ci rabin hanya. In kuwa ma'aikata suka bar wannan ilmi ga 'yan kwangila kaɗai, to, an koma zamanin kati, inda mai aiki ke miƙa daminsa ya tsaya bakin ƙofa yana jira.