Daga Ƙahon Wanzami zuwa Allurar Sin: Tarihin Jinyar Ciwon Gwiwa a Damagaram

A Gaffati da sauran garuruwan da ke kewaye da birnin Zinder, ciwon gwiwa tsohon abokin tsufa ne. Manomin da ya shekara arba'in yana sunkuye a gona, da tsohuwar da ta ƙare ƙuruciyarta wajen ɗaukar ruwa da itace, duk sukan kai lokacin da gwiwa ke sandarewa da safe, har durƙuso a salla ya zama aiki. Hausawa kan kira shi sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai. Likitocin zamani kuwa sun bayyana cewa guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ne ke zaizayewa sannu a hankali.

Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya mulki Damagaram daga 1851 zuwa 1884, har bayan zuwan Faransawa a 1899, wanzami ne ake kai wa irin wannan kuka. Yakan fito da ƙaho daga zabira, ya kafa shi a gefen gwiwa, ya zuƙe iska, sannan ya yi tsaga da aska don fitar da abin da ake kira mataccen jini. Idan ciwon ya ƙi ji, akan koma ga lalas, wato ɗana ƙarfe mai zafi a kan fata. Tunanin da ke ƙarƙashin wannan aiki shi ne cewa wani abu ya tsaya a jiki, kuma ta fata ake buɗe masa hanya.

Wannan tunani ne Sinawa ma suka gina ilimin soka ƙananan allurai a kansa fiye da shekaru 2000 da suka wuce. Su ma suna yin ƙaho, kuma a dā da ƙahon dabba suke yi. Ƙasar Sin ta fara tura likitocinta Afirka a 1963, zuwa Aljeriya. Nijar ta ƙulla hulɗa da ita a 1974, kuma daga 1976 lardin Guangxi ya shiga aiko da ayarin likitoci, waɗanda suka yi aiki a Yamai da Maraɗi da Zinder, cikinsu har da masu aikin allura. Hulɗar ta yanke a 1992, aka maido da ita a 1996. Ga mutumin da ya tashi yana ganin ƙaho, siririyar allurar da ba ta ɗauke da magani ba baƙon abu ba ce.

To, shin tana aiki? A 2004 an wallafa wani bincike na Jami'ar Maryland da ke Amurka a kan masu ciwon gwiwa 570, ya nuna ragin zafi da ɗan sauƙin motsi. A 2006 wani bincike a Jamus, a kan mutane fiye da 1000, ya gano cewa allurar da aka soka bisa ƙa'idar Sinawa da wadda aka soka sama-sama a wani gurbi dabam sun ba da sakamako kusan ɗaya, kodayake dukansu sun fi jinyar da aka saba. Shi ya sa masana suka rabu: ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta amince da ita bisa sharaɗi a 2019, hukumar tsara jinya ta Ingila kuwa ta ba da shawarar a bar ta a 2022. Abin da aka haɗu a kai shi ne, allura ba ta maido da guringuntsin da ya zaizaye, ƙaho ma haka. Motsa jiki da rage nauyi su ne ginshiƙin jinya.

Saboda haka akwai aiki biyu a gaban malamai da ƙungiyoyin raya al'adu. Na farko, su zauna da tsofaffin wanzamai su rubuta iliminsu: gurabun da suke kafa ƙaho, da sunayen da suke ba cututtuka, tun kafin masu shi su ƙaura. Na biyu, su faɗakar da jama'a cewa aska ko allurar da aka yi wa wani aiki da ita tana iya yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Dattijon da ya tafi neman sauƙin gwiwa bai kamata ya dawo gida da cutar da ta fi ta muni ba.