Daga Kano Da Landan Zuwa Bwari: Tarihin Karatun Lauya A Ƙasar Nan

Kowace shekara idan lokacin cika takardar shiga jami'a ya zo, ƙannenmu da ke ajin ƙarshe sukan tambayi iyayensu da malamansu ko wace jami'a ce ta fi dacewa ga mai son zama lauya. Tambaya ce mai nauyi, domin shekara biyar ta karatun digiri da kuɗin iyaye duk sun rataya a kanta. Kafin a ba da amsa, ya kamata mu waiwayi yadda wannan karatu ya faro.

A zamanin Turawa hanyoyi biyu ne, kuma wadda mutum ya bi ita ce ke yanke masa kotun da zai yi aiki a cikinta har ya yi ritaya. Ta farko ita ce ta Ingila, inda ake shiga ɗaya daga cikin zaurukan lauyoyi huɗu na Landan. Ta nan Christopher Sapara Williams ya bi ya zama lauya na farko ɗan Nijeriya a 1879. Arewa ba ta sami nata ba sai a 1955, wato Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaƙ na Ilori, shekara 76 ke nan a tsakani. Mai Shari'a Muhammadu Bello, mutumin Katsina, ya biyo baya a 1956.

Hanya ta biyu ita ce Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka buɗe a 1934 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka ɗauko mata malamai daga Sudan. A 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Ita ce ta horar da alƙalan En'e, kuma cikin ɗalibanta akwai marigayi Shehu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalai na Jihar Arewa a 1962. A wancan lokaci lauyan da ya karanto a Landan ba shi da ikon tsayawa gaban alƙali, shi kuma alƙali ba shi da kujera a kotun Turawa.

Gab da samun mulkin kai al'amura suka canja. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, kuma shawararsu ce ta haifar da dokar Final Kod wadda ta fara aiki a 1960. Aka shiga yi wa alƙalai kwas a Makarantar Koyon Aikin Mulki da ke Kongo, Zariya, inda daga baya sashen koyar da shari'a na Jami'ar Ahmadu Bello ya kafu. Ita kuma gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin Unsworth a 1959, aka yi dokar ilmin lauya a 1962, sannan a watan Janairu na 1963 aka buɗe Makarantar Horar da Lauyoyi a titin Igbosere, Ikko, da ɗalibai takwas kacal. A 1997 aka mai da hedkwatarta Bwari kusa da Abuja, aka kuma yi mata rassa, ciki har da na Bagauda da na Yola.

Tun daga nan ƙofa ta zama ɗaya. Ko a Zariya mutum ya karanta, ko a Ife, ko a Landan, sai ya ratsa wannan makaranta ya ci jarrabawarta kafin a sa masa gashi da riga. Dubi manyan jojin ƙasa da Arewa ta fitar. Muhammadu Bello, wanda ya riƙe kujerar daga 1987 zuwa 1995, da Muhammadu Lawal Uwais da ya gaje shi har zuwa 2006, da Aloma Mukhtar, mace ta farko a kanta a 2012, duk a Ingila suka zama lauyoyi. Amma Mahmud Muhammad da ya hau a 2014 da Ibrahim Tanko Muhammad da ya hau a 2019, a Zariya suka yi digirinsu.

To, me ɗalibi zai duba? Na farko, ya tabbatar Majalisar Ilmin Lauya da Hukumar Jami'o'i sun amince da sashen da zai shiga. Na biyu, ya binciki adadin ɗaliban da aka yanka wa jami'ar, domin wadda ta ɗiba fiye da kasonta, ɗalibanta ne ke zaman jiran gurbi bayan sun gama. Na uku, mai niyyar aiki a kotunan Arewa ya nemi inda ake haɗa shari'ar Musulunci da dokokin zamani, kamar Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, saboda ƙararrakin gado da aure da filaye su ne suka cika kotunanmu.

Muna roƙon 'yan uwa tsofaffin ɗalibai da ke aikin lauya ko alƙalanci su riƙa leƙowa makaranta kafin lokacin cika takarda, su zauna da yaran nan su yi musu wannan bayani. Allah ya sa su dace.