Malam Jibril ɗan Umaru da Shehu Usmanu: yadda ake auna malaman da suka gabata

 

Yau za mu yi magana a kan manyan malaman Musulunci da suka rayu a ƙasashenmu shekaru fiye da 200 da suka wuce. In aka ambaci sunan ɗayansu a dandali ko a gindin itace, sau da yawa mutane kan rabu biyu. Wasu su ce waliyyi ne, bai taɓa kuskure ba. Wasu su ce ai shi ya ƙone garin kakanninmu, babu alheri ko ɗaya tare da shi. Daga nan sai gardama, daga gardama sai zagi. Wani lokaci har maƙwabta su daina gaisawa saboda mutanen da suka daɗe cikin kabari.

To, yaya za mu auna waɗannan malamai da adalci? Ba sai mun je nesa neman amsa ba. Su da kansu sun auna junansu, sun kuma rubuta awon nasu a takarda. Bari mu duba yadda suka yi.

Wane ne Malam Jibril?

Malam Jibril ɗan Umaru malami ne na ƙasarmu. Ya yi zamani cikin ƙarni na 18, wato shekarun 1700. Ya koyar da almajirai a ƙasar Adar da Agadas. Ya je Makka sau biyu, a lokacin da babu mota babu jirgi, sai raƙumi da ƙafa. A birnin Alƙahira ta Masar ya sadu da wani babban malami, Murtala al-Zabidi, wanda ya rubuta babban ƙamus na Larabci mai suna Tajul Arus, ya kuma rasu a 1791. Wannan malami ya ba Malam Jibril ijaza, wato iznin koyar da abin da ya karɓa daga gare shi. Kabarin Malam Jibril yana kusa da Madawa, cikin jihar Tawa.

Cikin almajiransa akwai wani saurayi mai suna Usmanu ɗan Fodiyo. An haife shi a 1754 a Marata, kusa da Galmi, nan cikin ƙasarmu. Ya girma a Ɗegel, wadda yau take cikin Nijeriya. Ya yi kamar shekara guda tare da Malam Jibril, ya bi shi har Agadas. Da malamin ya ɗauki hanyar Makka, Usmanu ya so ya bi shi. Amma mahaifinsa bai ba shi izni ba, sai ya komo gida. Wannan saurayi shi ne duniya ta sani daga baya da sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ƙanensa Abdullahi shi ma ya yi karatu wurin Malam Jibril.

Shehu bai taɓa ɓoye girman malaminsa ba. Ya yabe shi cikin waƙa da cikin littafi. Ya nuna cewa Malam Jibril ne ya fara ɗaga murya a kan miyagun al'adu a ƙasashen nan, shi kuma ya bi sawunsa.

Inda almajiri ya saɓa wa malaminsa

Malam Jibril mutum ne mai zafin kishin addini. Ya ga mutane suna kiran kansu Musulmi, amma suna cin dukiyar marayu, suna auren mata fiye da huɗu, maza da mata suna cuɗanya babu kiyayewa. Abin ya ƙona masa rai ƙwarai. Sai ya yanke hukunci cewa masu aikata irin waɗannan manyan laifuffuka sun fita daga Musulunci, sun zama kafirai.

Jama'a, wannan magana tana da nauyi. A wancan zamani, in aka ce mutum kafiri ne, an buɗe ƙofar a yaƙe shi, a ƙwace dukiyarsa, a kama shi bawa.

Shehu bai yarda da wannan hukunci ba. Ya rubuta amsa cikin littattafansa, har da wani mai suna Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya. Ya bayyana cewa a wurin malaman Sunna, wanda ya aikata babban zunubi mai saɓo ne, amma yana nan Musulmi, sai fa in ya ce wannan zunubin halal ne. Ya nuna cewa kafirta mutum saboda zunubi hanyar Hawarijawa ce, wata ƙungiya ta farkon Musulunci wadda yawancin malamai suka ƙi ra'ayinta.

Ku lura da yadda Shehu ya yi. Ya faɗi kuskuren a fili, ya kawo hujja. Bai zagi malaminsa ba, bai daina kiransa shehinsa ba. Ya ma nema masa uzuri: ya ce tsananin tausayin al'umma ne ya kai shi ga tsananta magana. Yabon gwani ya zama dole, Shehu ya yaba. Gaskiya ɗaci gare ta, Shehu ya faɗe ta. Ya haɗa biyun a kan mutum ɗaya, domin mutum tara yake, bai cika goma ba.

Shehu shi ma an auna shi

A 1804 rikici ya tsananta tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, yaƙi ya ɓarke. A 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ya faɗi, aka kashe Yunfa. A wannan shekara kuma masu goyon bayan Shehu suka ci Gazargamu, babban birnin Barno.

Barno kuwa ta yi ɗaruruwan shekaru cikin Musulunci. Sai wani malami na can ya tashi, Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu. Ya taimaki Mai na Barno da yaƙi, ya kuma ɗauki alƙalami ya rubuta wa shugabannin jihadi wasiƙu. Ya tambaye su dalilin da ya sa suke yaƙar mutanen da ke salla, suna azumi, suna ba da zakka. Ya yarda cewa akwai saɓo a Barno. Amma ya ce akwai irinsa a Masar da sauran ƙasashen Musulmi, babu kuma malamin da ya kafirta mutanen can. A taƙaice ya ce zunubi daban, kafirci daban.

Kun ji? Hujjar da Shehu ya kawo wa Malam Jibril, irinta ce Shehu Laminu ya kawo wa jama'ar Shehu. Duk da haka bai raina ilmin Shehu ba. Ya ce ya ga littattafansa, ya kuma yaba da su.

Muhammadu Bello, ɗan Shehu, ya mayar da amsa. Ya ce masu mulkin Barno sun taimaki sarakunan Hausa wajen yaƙar jama'ar Musulmi. Ya ce wasu al'adu, kamar yanka ga itatuwa da duwatsu, sun wuce saɓo, sun zama shirka. Har suka rasu, su biyun a 1837, kowa yana kan ra'ayinsa. Amma Bello ya yi wani abu da ya kamata mu riƙe. Cikin littafinsa Infaƙul Maisur, wanda ya rubuta a 1812, ya kwafe maganar abokin gardamarsa ya sa ciki, sannan ya kawo tasa amsa. Saboda haka yau mai karatu yana iya jin bakin kowane ɓangare.

Har cikin gidan Shehu an yi irin wannan awo. Wajen 1807 Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga wasu mayaƙa sun koma neman mulki da dukiya da dawaki, sun mance abin da ya fito da su. Ransa ya ɓaci, ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya koyar da su, ya rubuta musu littafi kan yadda ake mulki da shari'a, mai suna Liya'ul Hukkam, sannan ya komo. Ya kuma rubuta wannan damuwa tasa cikin Tazyinul Waraƙat. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Me ya sa wannan ya shafe mu?

Ya shafe mu domin jikokin kowane ɓangare suna cikin Nijar. Sarakunan Katsina da aka kora su suka kafa mulki a Maraɗi. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda rundunar Bello ta kashe Sarkin Gobir Ali, Gobirawa suka kafa Tsibiri. Mutanen Damagaram da na Diffa tarihinsu yana haɗe da Barno. Akwai kuma Fulani da Hausawa da Zabarmawa da Buzaye da kakanninsu suka bi Shehu ko suka yi karatu wurin almajiransa. Tsohon da ke Tsibiri da tsohon da ke Sakkwato ba labari ɗaya suka gada ba. Kowa abin da ya sami gidansu yake faɗi.

In za mu yi adalci, sai mu ɗora duka a kan ma'auni. Shehu da Abdullahi da Bello sun bar littattafai masu yawa da ake karantawa har yau. Shehu ya tsawata wa malaman da ke koyar da almajirai a waje, su bar matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta shirya mata masu koyarwa da ake kira jaji, suna kai ilmi ƙauyuka ga ƴan taru. Ku mata da ke zaune cikin aji yanzu, ku san cewa wannan hanya tsohuwa ce. A ɗaya gefen kuma, yaƙin ya rushe garuruwa, ya raba mutane da gonakinsu, ya jawo yunwa, an kama bayi masu yawa. Wannan ya faru, wancan ma ya faru. Wanda ya ɓoye ɗaya ya tauye awo, kamar mai sayar da hatsi da ke da tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa.

Tambayoyi huɗu

In aka ba ku labarin wani malami na da, ku yi wa labarin tambayoyi huɗu.

Ta ɗaya: wa ya faɗa? Almajirinsa ne, ko abokin gabarsa, ko maroƙin fada? Kowannensu yana da abin da zai ƙara da abin da zai rage. Alƙali ba ya yanke shari'a da jin bakin mutum ɗaya.

Ta biyu: me malamin ya rubuta da hannunsa? Sau da yawa ana jingina wa malami maganar da bai faɗa ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ta uku: wane zamani ya rayu, me ya gani da idonsa? Sanin zamanin mutum yana sa mu gane dalilinsa, ko da ba mu yarda da hukuncinsa ba. Haka Shehu ya yi wa Malam Jibril.

Ta huɗu: me ya bari bayansa? A ƙirga alherin, a ƙirga cutar, kada a zubar da ko ɗaya. Kuma tiyar da muka auna malamin wasu, da ita za mu auna namu.

Ga inda karatu yake da amfani. Nan Yamai, a cibiyar binciken ilmin ɗan Adam ta Jami'ar Abdu Mumuni, an adana dubban tsofaffin littattafai rubutun hannu, na Larabci da na ajami. Marigayi Bubu Hama, wanda ya rasu a 1982, ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen tattara su. Akwai kuma cibiyar tattara tarihin baka da aka kafa a Yamai a 1968, domin kada maganar tsofaffi ta bi su kabari. Masanin tarihi Djibo Hamani ya rubuta littattafai kan Adar da kan sarautar Agadas. Wanda bai iya karatu ba, sai abin da aka gaya masa. Wanda ya iya kuwa, yana duba wannan takarda, ya duba waccan, ya gwada su da abin da ya ji wurin kakansa. Gani ya kori ji.

Abin tattaunawa cikin aji

1. A wace magana ce Shehu Usmanu ya saɓa wa Malam Jibril? Wane uzuri ya nema masa?

2. Me ya sa Muhammadu Bello ya kyauta da ya sa wasiƙar Shehu Laminu cikin littafinsa?

3. Akwai wani malami na da a yankinku? Ku tambayi tsofaffi biyu ko uku labarinsa, ku rubuta abin da kowa ya faɗa cikin littafinku, ku kawo aji ku gwada.

Jama'a masu saurare, nan za mu dakata. Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya saka musu da alherin da suka yi, ya yafe musu kurakuransu. Mu kuma ya ba mu ilmi mai amfani da zaman lafiya tsakaninmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.