Yaƙin Duniya na Ɗaya da iyakar da ta raba Tamale da Yandi

Tsakanin Tamale da Yandi tafiyar kilomita ɗari ce ko ƙasa da haka kaɗan, yau mota kan kai mutum ya ci kasuwa ya komo gida kafin magariba. Amma a 1914 falken da ya kama wannan hanya da jakunansa ƙasa biyu yake ratsawa: Tamale tana hannun Ingila, Yandi tana hannun Jamus. Mu mazauna zangunan arewacin Gana, idan za mu karanta tarihin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga wannan iyakar ya kamata mu fara, domin kwaɗayin da ya shata ta shi ne ya cinna wa duniya wuta.

Kakanninmu goron Gwanja ne ya kawo su. Salaga ce babbar kasuwarsu har basasar 1892 ta watsa ta, fatake da malamai suka bazu, wasu Yandi, wasu Kete-Karaci, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan da aka haifa a Kano. A daidai lokacin Turawa suna rige-rigen kafa tuta. A 1896 Jamusawa suka karya rundunar Dagomba a Adibo, suka cinna wa Yandi wuta. A watan Nuwamba 1899 Ingila da Jamus suka zauna a Landan suka raba ƙasar, kogin Daka ya zama iyaka, Salaga ta faɗa wa Ingila, Yandi ta faɗa wa Jamus. A takarda guda aka yi cinikin tsibiran Samowa da ke can tsakiyar tekun Fasifik. Wato an haɗa sarautar Ya Na da tsibiran da bai taɓa jin sunansu ba, aka yi musu farashi ɗaya. Ya zauna a Yandi, rabin talakawansa suna biyayya ga wata tuta. Da Ingila ta mayar da hedikwatarta ta arewa daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, garin nan ya fara girma, zangonsa kuma ya fara cika.

A can Turai kuwa, masu wannan rabo ba su amince wa juna ba. Jamus ta haɗe ta zama ƙasa ɗaya a 1871 bayan ta ci Faransa da yaƙi ta ƙwace mata lardunan Alsas da Loren, kuma tana ganin an yi rabon duniya ba ta sami kaso daidai da ƙarfinta ba. Ta shiga ƙera jiragen ruwan yaƙi, Ingila ta tsorata. Aka ja daga biyu: Jamus da Ostiriya a gefe guda, Faransa da Rasha da Ingila a ɗaya gefen. Ranar 28 ga Yuni 1914 wani saurayi Basabiye ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya da matarsa a Sarayebo. Bayan wata guda Ostiriya ta kai wa Sabiya yaƙi, Rasha ta tsaya wa Sabiya, Jamus ta tsaya wa Ostiriya, ta kuma ratsa Beljiyam don ta auka wa Faransa. Ranar 4 ga Agusta Ingila ta shiga.

Nan take idon Ingila ya koma Togo. Ba ƙasar ce ta dame ta ba, tashar wayar iska ta Kamina ce, kusa da Atakpame, wadda ke haɗa Balin da jiragen Jamus da ke tekun Atilantika da sauran yankunanta na Afirka. Muƙaddashin gwamnan Jamus a Lome ya nemi a bar Togo da Gwalkwas ba ruwansu da yaƙin, kada baƙar fata su ga Turawa suna kashe juna. Ba a saurare shi ba. Sojojin Gwalkwas suka kama Lome ranar 7 ga Agusta suka nausa arewa, kuma a wannan tafiya ce wani soja mai suna Alhaji Gurunshi ya saki harbin da ake lissafawa a matsayin na farko da wani sojan Ingila ya yi a duk yaƙin, tun sojojinta na Turai ba su haɗu da Jamusawa a Beljiyam ba. Aka gwabza a kogin Kira ranar 22, Jamusawa suka rushe tashar da hannunsu, ranar 26 suka miƙa wuya. A cikin watan ne kuma 'yan sandan yankin arewa suka shiga Yandi ba tare da wani gumurzu ba, Faransawa suka kama Sansanin Mango.

Sunan Alhaji Gurunshi abin tsayawa ne a kansa. Rundunar da yake ciki ta samo asali ne daga 'yan sandan da Turawa ke kira Hausawa tun zamanin yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874, kuma Hausa ce harshen bariki, da ita ake ba da umurni. Saboda haka har gobe akwai masu cewa Hausawa ne suka ci wa Ingila Togo. Gaskiyar ita ce akwai Hausawa a ciki, amma da yawan sojojin 'ya'yan ƙasar nan ne: Gurunshi, Farafara, Dagati, Dagomba, Mosi. Magatakardan bariki kan rubuta sunan mutum ya liƙa masa sunan ƙabilarsa ko garinsu. Harshenmu suka ara suka yi aiki da shi, jinin da aka zubar kuwa na maƙwabtanmu ne tare da namu, kuma bai dace mu ci ladan mu kaɗai ba.

Yaƙin da aka zaci zai ƙare kafin Kirsimeti ya kafe a ramukan Faransa shekara huɗu. A ranar farko ta yaƙin kogin Som, 1 ga Yuli 1916, Ingila ta yi asarar mutum wajen 19,000 a yini ɗaya. Turkiyya ta bi bayan Jamus, aka yi shelar jihadi daga Istanbul a Nuwamba 1914, amma shelar ba ta girgiza barikokin Afirka ta Yamma ba. Sojojinmu suka wuce Kamaru, daga nan a 1916 aka loda su a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas, suna bin sawun kwamandan Jamus Lettow-Vorbeck cikin daji har ƙasar Mozambik. A can zazzaɓi da atini da yunwa sun fi harsashi kisa, musamman a cikin 'yan dako. Da buƙatar mutane ta ƙaru, sai aka ɗora wa sarakunan arewa nauyin kawo samari, wanda ba shi da gata shi ake fara miƙawa, wasu suka tsere suka bar gonakinsu. Amurka ta shiga a 1917, Rasha ta fice bayan juyin juya hali, ranar 11 ga Nuwamba 1918 aka tsagaita wuta bayan mutuwar sojoji sama da miliyan tara.

Tun ba a tsagaita wuta ba sai ga marisuwa. Annobar murar nan ta sauka a gaɓar teku daga jiragen ruwa, ta biyo hanyar Kumasi ta iso arewa kafin ƙarshen 1918, ta kashe dubban mutanen da ba su taɓa ganin bakin igwa ba.

Iyakar kogin Daka kuwa ba ta sake dawowa ba. Jamus ta rasa Togo, Majalisar Ƙawancen Ƙasashe ta damƙa yammacinta ga Ingila a 1922, Yandi da Tamale suka koma ƙarƙashin hukuma ɗaya, Ya Na ya sake haɗa kan masarautarsa. A takarda dai Yandi ta ci gaba da zama ƙasar amana, ba Gwalkwas ba. Ranar 9 ga Mayu 1956 aka kaɗa ƙuri'ar raba-gardama, mafi yawan jama'ar yankin suka zaɓi su shiga Gana, wadda ta sami 'yancin kanta a Maris na shekarar da ta biyo.