Rundunar Ruwa ta Farko a Daular Musulunci: Shaidar Tarihi da ta Harshe

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa kalmomin aro shaida ce da masanin tarihi bai kamata ya raina ba. Za a ɗauki misali daga yadda Larabawa suka kafa rundunar jiragen ruwa a Bahar Rum.

Kafuwar Rundunar

Bayan Musulmi sun ci Sham da Masar, sai garuruwansu na bakin teku suka zama abin hari ga jiragen Rumawa. Mu'awiya, gwamnan Sham, ya nemi izinin yaƙi ta ruwa, Halifa Umar ya hana. Halifa Usman ne ya yarda, bisa sharaɗin kada a tilasta wa kowa. A 649 aka kai hari tsibirin Ƙubrus. A 655 kuwa aka gwabza yaƙin Zatus Sawari, inda Abdullahi bn Sa'ad ya karya rundunar Sarki Konstans na Biyu. Musulmi sun ɗaure jiragensu da na abokan gaba, faɗan ya koma tamkar na tudu, wanda suka fi ƙwarewa a kai. Masassaƙa da matuƙan jiragen kuwa, akasarinsu Ƙibɗawa ne da Kiristocin Sham.

Shaidar Harshe

A wannan zango Larabci ne mai aro: kalmar "usɗul", wato ayarin jirage, daga Girkanci "stolos" ta fito. Da ƙarfi ya koma hannun Musulmi, sai aron ya juya. "Darus sina'a", masassaƙar jirage irin wadda aka gina a Tunis bayan cin Kartaj a 698, ita ta zama "arsenale" a Italiyanci. "Amir" kuma ta shiga Latin a tsibirin Sisili, ta haifi laƙabin kwamandan ruwa a harsunan Turai. Abin lura shi ne, a cikin Muƙaddima ta 1377 Ibn Haldun ya ambaci wannan laƙabi a sigar "almiland", yana mai cewa kalmar Turawa ce. Ke nan ta dawo gida ba a gane ta ba, a lokacin da ragamar tekun ta koma hannun Turawa.

Kammalawa

An ga cewa inda fasaha da iko suka karkata, nan kalma take bi. Mai nazarin kalmomin aro na Hausa yana iya bin wannan hanya, ya tambayi lokacin aro da dalilinsa, kada ya tsaya ga asalin kalma kawai.