Tarihin Kalmar Nonplussed da Sauyin Ma'anarta

Daga cikin kalmomin Ingilishi masu nuna ruɗewa, nonplussed na da tarihi abin lura. Asalinta daga Latin ne, wato non plus, ma'ana "babu ƙari". Ta shiga Ingilishi a ƙarshen ƙarni na 16, da farko a matsayin suna mai bayyana halin da mai muhawara kan shiga idan hujja ta ƙare masa. Ba a jima ba aka mayar da ita aikatau. Saboda haka wanda aka siffanta da ita shi ne wanda ya rasa ta-cewa, ya yi tsuru-tsuru.

A ƙarni na 20 sai wata ma'ana ta ɓullo a Amurka, kishiyar ta farko, wato mutumin da abu ya same shi amma ko a jikinsa. Masana na ganin cewa masu magana sun ɗauki non a matsayin ɗafa-goshin korewa ne, alhali kuwa babu wata tsohuwar kalma plussed da za a kore.

Don haka wajibi ne mai fassara ya binciki ƙasar marubuci da zamaninsa, kada ya mai da ruɗaɗɗe natsattse.