In aure ya mutu, yaro na wa ne?

Ƴan'uwa masu karatu, ku dubi garinku. Da wuya a rasa gidan da aure ya mutu aka bar yara a tsakani. Uwa ta koma gidansu da goyo, uba ya ce in an yaye a maido masa. Ba takarda, ba alƙali, kowa na cewa shi ke da gaskiya. Wannan rigima ta daɗe. Bari mu ga inda ta fito.

Tun zamanin kakanni, a ƙasar Hausa yaro na gidan uba ne. A gandun uba zai yi noma, can zai ci gado. Shi ya sa in an rabu ake barin yaro wurin uwa har yaye, wajen shekara 2, ko kuma har shekara 7, sannan a kai shi gidan uba. Sau da yawa ma ba uban ke riƙonsa ba. Kaka ce, ko gwaggo, ko kishiyar uwarsa.

To, ku lura, wannan shekara 7 al'ada ce. Kun san Risala, littafin da malamai ke karantarwa a zaure. Malam Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, cikin Tunisiya ta yau, shi ya rubuta shi, yau fiye da shekara 1000. A cikinsa reno na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji. In uwar ta yi wani aure, reno ya koma ga kaka ta wajen uwa, bayanta ƴar'uwar uwa. Ci da tufafi kuwa suna kan uba. Ranar da na faɗi haka a ajinmu na yaƙi da jahilci, wata tsohuwa ta ce in sake faɗi. Jikokinta biyu aka ɗauke mata, ita kuwa tana zaton addini ne ya ce a yi haka.

Da Nasara suka zo, ba su canza wannan ba. A 1903 Faransa ta kafa kotunan ƴan ƙasa a Afirka ta Yamma, ta ce a bi al'ada. Amma wa zai yi tafiyar kwana biyu zuwa Damagaram ko Tawa, ya tsaya gaban kwamandan da tafinta, don maganar ɗansa? Sai dai a je wurin mai gari da liman.

Bayan samun ƴancin kai, dokar 16 ga Maris 1962 ta bar aure da saki da zancen yara a hannun al'ada. Alƙalin gwamnati ya kan zauna da dattawan da suka san al'adar masu ƙara. Dokokin 2004 da 2018 ma kan wannan hanya suka bi. An so a yi dokar iyali guda ga ƙasa duka, a 1993 da 2011, ƙungiyoyin addini suka ƙi, aka ajiye.

Sarakuna da masu gari, doka ta ba su ikon sasantawa, ba na yanke hukunci ba. In kun daidaita a gabansu, ku nemi a rubuta: wurin wa yaro zai zauna, wa zai ciyar, yaushe ɗayan zai gan shi. Ku karanta da kanku kafin ku sa hannu. In ɗaya bai yarda ba, maganar ta wuce gidan shari'a.